Suflen da Ya Ci Gashin Bakin Anselme

Ni ce Huguette, mai kaji goma sha huɗu a ƙarshen layin coci, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Anselme Roudil. Katangar ko kafaɗata ba ta kai ba, saboda haka kada wani ya tambaye ni yadda aka yi na san abin da zan faɗa. Ba leƙe nake yi ba, tsayuwa kawai nake yi a tsakar gidana.

Anselme ya shekara talatin da takwas yana rarraba wasiƙu a ƙauyenmu da rugagen kan dutse, kuma abu biyu ya tara a duniya, baki da gashin baki. Gashin bakin tun yana soja ya fara renonsa. Kullum da safe sai ya shafa masa kakin zuma, ya murɗe gefe da gefe har su kalli sama kamar ƙahon sa. Matarsa Odile kanta ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba. Shi kuwa bakin, babu abin da bai sani ba. Ya koya wa makaniki gyaran mota, ya koya wa fada, limamin cocinmu, yadda ake huɗuba, ni ma ya taɓa yi min bayanin yadda kaza take yin ƙwai.

Da ya yi ritaya, abokan aikinsa suka ba shi kyautar wani ƙaton littafin girki. Allah Ya yafe musu. Mutumin da bai taɓa dafa ruwan shayi ba, cikin wata ɗaya ya zama shehin girkin ƙasar Faransa gaba ɗaya, na da da na zamani, yana zaune a kujera yana gyara wa masu girkin talabijin kuskure.

Ranar wata Lahadi ina gidansu cin abincin rana, Odile ta kawo suflenta na cuku. Duk ƙauyen nan babu macen da ta kai ta a wannan fanni. Ƙwai ne kawai da madara da man shanu da ɗan fulawa da cuku, amma idan ta kaɗa farin ƙwan ya zama kumfa ta gasa, sai ka ga abu ya taso ya wuce bakin kwano, samansa ja-ja, cikinsa kamar gajimare. Muka ɗauki cokula. Sai Anselme ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ya kara yatsunsa a gefen kwanon yana auna yadda suflen ya taso.

"Yatsa biyu," in ji shi, yana girgiza kai. "A birnin Lyon, manyan masu girki ba sa fitar da shi sai ya kai huɗu. To, amma dai girkin gida ne, an yi ƙoƙari."

Odile ta ajiye cokalinta. Ta miƙe, ta kwance rigar girkinta, ta zagaya ta rataya masa a wuya, ta ɗaure masa ta baya da kyau. Sannan ta koma ta zauna ta ce min, "Huguette, miƙo min burodin nan."

Da mai hankali ne, a nan zai ba da haƙuri. Shi kuwa washegari ya tafi shagon shan gahawa na Clovis, inda tsofaffin gari suke zama kafin su fita jifan ƙwallon ƙarfe, ya ba da labarin da bakinsa yana dariya.

"Mata sabo ne kawai da su," in ji shi. "Girki ilimi ne. Ku ba ni mako biyu."

"Mu ba ka mako biyu ka yi me?" in ji Honoré wanzami. "Ka gano inda ake kunna tanderu?"

"In yi muku sufle yatsa huɗu! A kan tebur, a gaban kowa, Lahadi ta sama."

"In bai kai ba fa?"

Anselme ya murɗa gashin bakinsa. "In bai kai ba, ka aske wannan a wurin."

Clovis ya ce min shagon ya yi tsit har ana jin ƙarar firiji. Honoré, wanda ya shekara talatin yana kallon gashin nan kamar yadda mahauci yake kallon saniyar maƙwabci, ya miƙe ya ba shi hannu kafin ya canja shawara.

Tun daga ranar kajina ba su sake hutawa ba.

Ranar farko Anselme ya fasa ƙwai gaba ɗaya, fari da kwanduwa, ya cakuɗa, wai raba su camfin mata ne. Abin da ya fito daga tanderu ya yi kama da tafin takalmi. Ya jefa wa karensu, karen ya shinshina, ya ɗaga kai ya dube shi, ya koma inuwa ya kwanta.

Rana ta biyu sai ga shi a bakin katanga.

"Maƙwabciya, ƙwan nan naki akwai matsala. Ba shi da ƙarfi."

"Ƙarfin me? Dambe za ka sa shi?"

"Littafi ya ce sabo fil. Naki ya kwana."

"To shigo ka karɓa daga hannun mai shi."

Ban zaci zai shigo ba. Ya shigo, ya durƙusa a gaban akurki, ya tura hannu ƙarƙashin Blanchette, babbar kazata wadda ko ni sai na yi mata magana mai daɗi kafin in taɓa ta. Ihun da ya yi har a gidan burodi an ji. Ya fito da yatsa yana jini, ba ƙwai, yana cewa kajina ba su da tarbiyya.

Rana ta uku ya yarda ya raba fari da kwanduwa, abin ya fara tashi, sai murna ta hana shi haƙuri. Duk minti biyu ya buɗe tanderu ya zura rula ya auna. A awo na huɗu suflen ya gaji da shi ya zauna. Rana ta biyar ya ce ya gano sirrin da mata suke ɓoyewa, ya je wurin mai burodi ya karɓo yis cikin tafin hannu ya zuba. Wannan kam ya tashi. Ya tashi ya fita daga kwano, ya bi ta gefe, ya manne a ƙasan tanderu, hayaƙi ya turnuƙe layi har matar magajin gari ta kwashe shanyarta.

Duk wannan abin Odile tana zaune a ƙarƙashin itacen tsakar gida tana saƙa. In ya fito yana tari ya ce, "Odile, ina ake ajiye abin kankare tukunya?" sai ta ce, "Duba a littafi, ranka ya daɗe."

Da mako ya zagayo, ya ga gari ya fara yi masa dariya, sai ya ce bari ya nuna musu wani fannin. Ya gayyaci Clovis da Honoré su zo su ɗanɗani girkin zamani irin na manyan gidajen abinci na Paris. Ni ma na zo, tunda ƙwaina ne. Ya kawo mana faranti kowanne kamar tire. A tsakiya ɗan wake kore guda uku, da shafen miya siriri kamar an ja da yatsa, da wani farin kumfa a gefe.

Clovis ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga farantin ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Me kake nema?" in ji Anselme.

"Abincin."

"Shi ne wannan! Da ido ake fara ci."

"To idona ya ƙoshi, saura ni," in ji Clovis. "Wannan kumfan fa? Wanke-wanke ka yi ba ka ɗauraye ba?"

Honoré ya cinye wakensa uku, ya goge baki, ya ce a gafarce shi, bai saba cika ciki haka da rana ba.

Sai aka zo kan kayan zaƙi, madarar ƙwai da ake barbaɗa wa sukari a ƙona samanta ya yi ɓawo. Masu girki suna da ɗan ƙaramin abin hura wuta da suke yi da shi. Anselme ya ce wancan wasan yara ne, ya aro na mai gyaran famfo, wanda ake narka dalma da shi. Ya sunkuya, ya kunna. Sukarin ya yi baƙi nan take, kwanon ya tsage, labulen taga ya kama, sannan muka ji ƙaurin gashi. Clovis ya watsa wa labulen ruwan tulun fure. Honoré kuwa kan Anselme ya yi da gudu, ya kashe masa tsinin gashin baki na hagu da yatsu biyu.

"Kai, a hankali!" in ji shi. "Kada ka ƙona min kayana tun ranar ba ta zo ba."

Ranar Alhamis da hantsi Odile ta shigo gidana, ta zauna, ta cinye rabin burodina da man shanu ba ta ɗago kai ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana cin girkin ilimi.

"Gobe ma ya ƙona gidan, ba zan ce masa komai ba," in ji ta. Sannan ta ce, "Amma Huguette, da gashin nan na gan shi na aure shi. Ban san mutumin da ke ƙarƙashinsa ba."

Tausayinta ya kama ni, gaskiya, don na ga idonta ya kawo ruwa. Ita ba za ta yi magana ba, shi ba zai tambaya ba. To ni kuma ina da kaji.

Da yamma na ga ƙeyarsa a bayan katanga, wai yana ba tumatir ruwa. Na ɗebi hatsi na tsaya a gindin katangar na ɗaga murya.

"Ke Blanchette! In da ke ce za ki yi sufle, ai kin san kwanon kaɗi sai ya bushe ƙarau, babu maiƙo, ko ɗigon kwanduwa kada ya shiga farin. Ko ba haka ba? Ki kaɗa har in kin kifa kwanon a kanki ba zai zubo ba. In za ki haɗa, a hankali, daga ƙasa zuwa sama, ba kamar mai dama siminti ba. Kuma duk kazar da ta buɗe tanderu kafin minti ashirin da biyar, yanka ta zan yi."

Ruwan ya daina zuba a bayan katanga. Na ji ƙarar fensir.

"Na ƙarshe, Blanchette, ki buɗe kunne. A zaunar da kowa kafin ki fitar da shi. Daga tanderu sai tebur. Minti uku gare ki, in ya sha iska ya tafi."

"Wannan kuma ai kowa ya sani," in ji tumatir.

Washegari Anselme ya gaya wa mutanen shagon Clovis cewa ya kwana biyu yana nazari, ya gano wasu ƙa'idoji huɗu da ko a Lyon ba kowa ya san su ba. Don murna ya ƙara gayyato mutane, har ya buga wa Gwaggo Berthe waya, ƙanwar mahaifinsa da ke can gari na gaba, mai shekara tamanin da tara, wai ta zo da iyalinta su ga tarihi.

Lahadi bayan an taso daga coci aka shimfiɗa dogon tebur a lambun bayan gida. Mutum goma sha biyu suka zauna. Gwaggo Berthe ba ta iso ba, amma ita tunda take ba ta taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba, sai aka bar mata kujeru. Honoré ya ajiye askarsa a gefen cokali, ya gyara mata zama. Ni aka tura kicin in zama shaida kada a yi maguɗi.

Wallahi na ga abin da ban zata ba. Gumi yana bin gashin bakinsa, amma ya bi maganar Blanchette tiryan-tiryan. Muka durƙusa mu biyu a gaban gilashin tanderu kamar masu addu'a. Abu ya fara motsi. Ya kai bakin kwano, ya wuce. Yatsa biyu. Uku. Sau biyu hannunsa ya tafi wurin marfi, sau biyu na make shi da ludayi. Da lokaci ya cika ya fitar, na kara hannuna da kaina, yatsa biyar cif, ja-ja, yana rawa a hankali, ƙamshi ya cika ɗaki. Ko na Odile ban taɓa gani ya kai haka ba, kuma na ji haushin hakan.

"Maza," na ce, na buɗe masa ƙofar baya. "Taku goma ne. Tafi!"

Ya dubi ƙofar, ya dubi suflen, ƙirjinsa ya kumbura ya fi suflen.

"Abu irin wannan ta ƙofar baya, kamar shara? Ta titi zan bi in shigo ta ƙofar lambu. Layin nan sun yi min dariya, su ma su gani."

"Anselme, minti uku!"

"Minti ɗaya ya ishe ni. Shekara talatin da takwas ina tafiya a ƙasa."

Ya fita ta ƙofar gaba, kwano a sama tsakanin tsumma biyu, yana tafiya kamar mai ɗauke da tuta. Ina biye da shi ina zagi a ciki. Matar magajin gari ta leƙo ta taga, ya ɗan juya mata kwanon ta gani da kyau. Saura taku biyar ya kai ƙofar lambu, sai wata tsohuwar mota ta tsaya a gabansa, ƙofa ta buɗe, sanda ta fara fitowa, sannan Gwaggo Berthe.

"Anselme, ɗana! Zo nan!"

"Gwaggo, bari in ajiye wannan, yanzu..."

"Ka ajiye me? Wata shida ban gan ka ba, ka wuce ni kamar icce? Haka ɗan'uwana ya rene ka?"

A nan wurinmu sumbar gaisuwa uku ce, dama, hagu, dama, kuma ba a yi wa tsohuwa ragi. Shi kansa Anselme ya sha tsayar da baƙi 'yan Paris a titi yana yi musu lacca don sun tsaya a biyu. Ya karkatar da kwanon gefe, ya miƙa kunci. Ɗaya, biyu, uku.

"Biyu ka yi," in ji Gwaggo.

"Uku ne, Gwaggo!"

"Gashin nan naka ya soke ni, na ɓata lissafi. Sake."

Ya sake. Sai 'yarta ta fito, uku. Mijin 'yar, uku. Jikokinta mata biyu, tagwaye, uku-uku, kuma da yake ba ya bambance su, ɗaya ta samu shida ɗaya tana tsaye tana jira. Ina kallon suflen yana sauka a hankali kamar mai neman wurin zama. Yatsa huɗu. Na ce, "Anselme, gudu!"

Da ya gudu a lokacin, da ya tsira. Amma mutanen tebur sun ji muryar Gwaggo, kuma wa zai zauna tsohuwa tana bakin ƙofa? Su goma sha biyu suka taso suka cika ƙofar lambu, ƙofar da mutum ɗaya take ɗauka. Aka shiga gaisawa, kowa da kowa, uku-uku. Anselme yana waje yana rawa da kwano a sama.

"Hanya! Jama'a, hanya! Ku gaisa daga baya!"

"Kai, ina tarbiyya?" in ji Honoré, yana riƙe da kafaɗun Gwaggo, kuma na rantse a hankali yake yin nasa da gangan. "Gwaggo, ina jin biyu na yi. Mu sake."

Da aka gama, aka zazzauna, Anselme ya ajiye kwanon a tsakiyar tebur. Kowa ya miƙa wuya, don sai an leƙa ciki ake ganin abin. Ya lotsa, ya yamutse, tsakiyarsa ta yi rami.

Clovis ya zura yatsu cikin kwanon ya auna. "Huɗu ne cif," in ji shi. "Sai dai ta ƙasa."

"Biyar ne!" in ji Anselme. "Huguette, faɗa musu!"

Na faɗa musu. Na ce biyar ne a kicin, da hannuna na auna, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Honoré ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, sai dai ba a kicin aka yi alkawari ba. A kan tebur, a gaban kowa, wa ya faɗa? Anselme ya dubi Odile. Odile ta dubi farantinta. Ya zauna, ya ɗaura tsumman cin abinci a wuya da kansa, ya rufe ido. Wannan kam na yaba masa, bai roƙi kowa ba.

Aska huɗu Honoré ya ja. Shekara arba'in da 'yan kai suka zubo a kan tsumma, dariyar da ake yi ta mutu da kanta. Wani baƙon mutum ne zaune a wurin, fuska tsirara, leɓe fari fat kamar cikin burodi, ido jajir.

Odile ta taso ta zo gabansa. Ta kama haɓarsa, ta juya fuskar dama, ta juya hagu, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe bakin ɗan ƙarami ne."

Tebur ya fashe. Gwaggo Berthe tana buga sanda a ƙasa tana cewa a kawo mata shi ta sake gaisawa yanzu da ba ya suka. Odile kuwa ta ɗauki cokali, ta ɗebo daga cikin ramin kwanon, ta ci, ta tauna a hankali.

"Gishirin ya yi daidai," ta ce masa, ƙasa-ƙasa. "Ka ga yadda ake faɗa? Ba wuya."

Ta kwance rigar girkin daga wuyansa ta ɗaura abarta. Na kuma ga ta naɗe tsumman nan da gashin a ciki ta sa a aljihu, ko da yake har gobe tana cewa ƙarya nake yi.

Yanzu duk Lahadi, in Odile ta sa sufle a tanderu, Anselme yana zaunar da kowa, ya je ya kulle ƙofar lambu ya tsaya a gabanta da agogo a hannu. Ko fada ne ya makara, sai dai ya jira a waje. Makon jiya na ji shi ta kan katanga yana yi wa Clovis bayani, yana murza wurin da gashin yake a da.

"Yatsa biyu ne, amma ka ɗanɗana ka ji. Duk ƙasar nan babu irin na matata. Kuma ka san sirrin? Mai tsaron ƙofa."